Zaƙin baki a ranar sallamar ɗalibai

A ƙarshen shekarar karatu, daga Baudeta har Tasawa da Mayahi, ɗan siyasa ba ya ƙin gayyatar bikin sallamar ƴan lakkol. Jawabinsa na tafe da dabaru huɗu waɗanda ya kamata iyaye su gane.

Ta farko, kirari. Yakan kira yara "manyan gobe". Sunan na da daɗi, amma yana ɗage haƙƙinsu zuwa gobe, alhali yau suke buƙatar teburi da littafi.

Ta biyu, sauya wakilin suna. In an gina aji, sai ya ce "na gina". In albashin malamai ya makara, sai ya ce "an samu jinkiri". Ta haka laifi ke rasa mai shi.

Ta uku, karin magana. Da ya ce haƙuri maganin zaman duniya, baki ya mutu, domin manomi ba ya jayayya da maganar kakanni.

Ta huɗu, aron matattu. Yakan ambaci ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ta Yamai ranar 9 ga Fabrairu 1990, waɗanda jininsu ya share hanyar Babban Taron Ƙasa na 1991. Sai dai ba ya faɗin abin da ya fitar da su: rage kuɗin da gwamnati ke kashewa kan ilimi.

Saboda haka, kafin tafi, uban da ya sayar da gero ya sayi kayan makaranta yana da ikon yin tambaya uku: wa zai yi, yaushe, kuma da wane kuɗi?