Sharon, Baƙuwar Tsutsar Tumatir

Ni malamin ofis ne, aikina rubutu da fassara, amma ɗan manomi ne ni kamarku. Yau ina so in yi muku magana a kan wata baƙuwa wadda ta shigo ƙasarmu ba sallama, watau tsutsar nan ta tumatir da manoman Kano ke kira sharon. Masana kuwa suna kiranta Tuta absoluta.

Kakanninmu ba su san ta ba, gama asalinta daga Amurka ta Kudu ne. A shekarar 2006 aka fara ganinta a Sifen, can ƙasar Turai. Kafin 2008 ta ƙare ta ƙetare teku ta shiga Maroko da Aljeriya, sa'an nan ta yi ta gangarowa har aka gan ta a Nijeriya a 2015. A 2016 ta yi ɓarna wadda ba a manta ba. Ta cinye gonakin Kura da Kadawa, har ma'aikatar tumatir ta Ɗangote da ke Kadawa ta tsai da aiki don rashin tumatir. A watan Mayu na shekarar nan gwamnatin Kaduna ta yi shelar dokar ta-ɓaci saboda ita, kuɗin kwando kuwa ya ninka sau da yawa har a kasuwannin Ikko.

To, ku ji halinta. Uwar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ce mai launin toka, tsawonta kamar ƙwayar shinkafa. Da rana tana ɓuya, da dare take fitowa. Mace guda tana iya saka ƙwai wajen 250 a kan ganye. Kadan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar sai ta huda ganyen ta shige ciki, ta yi ta ci tsakanin fatarsa ta sama da ta ƙasa, har ya yi fari-fari kamar an babbaka shi. Tana shiga kara, tana shiga ɗan tumatir ya ruɓe. Bayan ta ƙoshi sai ta kwanta cikin ƙasa ko cikin ganye, ta rikiɗa ta fito da fiffike. Lokacin zafi duk wannan ba ya wuce wata guda, shi ya sa ɓarnarta ta fi yawa da bazara.

Dalili biyu suka ba ta ƙarfi. Na fari, a ɓoye take cikin ganye, maganin feshi ba ya samunta da sauƙi. Na biyu, kadan mutum ya dinga fesa magani iri guda, waɗanda suka tsira sai su haifi 'ya'ya masu jure masa, kuɗinka ya tafi a banza.

Ga abin da ya fi shafarmu. Mu nan arewacin Kano gona tana jikin gona, babu daji tsakani, babu saura. Masu noman rani a bakin madatsar Watari wajen Bagwai, da ta Tomas wajen Ɗambatta, kunya ɗaya ce ke raba su. Ita kuwa sharon ba ta san iyaka ba. Kadan ka tsabtace gonarka maƙwabcinka ya bar tasa, cikin dare za ta taso daga can ta sauka wurinka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, saboda haka tilas masu gonaki a wuri ɗaya su shirya baki, su yi aikin nan tare.

Ga aikin. Ku duba dashe da kyau kafin ku saya, kada ku ɗauko mai farin zane a ganye, gama cikin dashe da kwanduna take yin doguwar tafiya. Ku zaga gona sau biyu ko uku a mako, ku tsinke ganyen da ta shiga ku binne shi da zurfi. Akwai wani tarko, tasa ce da ruwa da ɗan sabulu, a samanta an rataya abu mai warin macen, mazan su zo su faɗa su mutu. Shi zai nuna muku ta iso tun ba ta yi yawa ba. Kadan feshi ya zama dole, ku nemi shawarar malamin gona, ku riƙa sauya irin maganin, ku rufe hanci da jiki, kada kuma ku tsinki tumatir sai kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba sun cika. Bayan an gama ɗiba, kowa ya tumɓuke karan ya ƙone cikin mako guda. Sa'an nan a sauya shuka, a sa albasa ko masara, kada a sa gauta ko dankalin Turawa, domin su ma tana cinsu.

Yanzu kun iya karatu, wannan kuwa makami ne. Ku karanta rubutun jikin kwalba da kanku, ku karanta wa wanda bai iya ba, ku kai maganar nan gaban mai unguwa a sa ranar ƙona kara. Allah ya ba mu albarkar noma, ya tsare mu daga ɓarna. Amin.