Jawabin Tunawa da Flait Laftana Perowei Jacob, Wanda Ya Rasu a Damasak

Jama'a, 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan da Shagamu da Fatakwal.

Maganar yau a kan wani matashin hafsa ce na Rundunar Mayaƙan Sama ta Nijeriya, watau Flait Laftana Perowei Jacob, matuƙin jirgi mai saukar ungulu, wanda ya rasa ransa a bakin daga ran 2 ga Janairu, 2019, shekarar da kowa a nan yake iya tunawa.

Kafin a gane abin da ya yi, sai a san Damasak. Gari ne a arewacin Jihar Borno, hedkwatar ƙaramar hukumar Mobbar, kusa da kogin Komadugu Yobe wanda ya raba mu da Jamhuriyar Nijar. Ƙasar noman tattasai ce, kuma masu harkar kayan gwari a kasuwar Mil 12 ba sa bukatar a gaya musu darajar wannan yanki. 'Yan Boko Haram sun kama garin cikin Nuwamba 2014, suka riƙe shi har sojan Chadi da na Nijar suka fatattake su cikin Maris 2015. Da za su fita sai suka tafi da ɗaruruwan mata da yara. To, mutanen da suka ɗanɗana wannan, suka dawo suka sake kafa bukka, su ne aka sake auka wa.

Lokacin kuwa ya yi muni ƙwarai. An yi wa soja mummunar ɓarna a Metele cikin Nuwamba 2018, Baga kuma ta faɗi a ƙarshen Disamba. Da maharan suka taso wa Bataliya ta 145 a Damasak, sai aka tashi jirgi samfurin Mi-35M, ƙirar Rasha, domin ya taimaki na ƙasa. Wannan aiki ba irin na jirgin yaƙi mai wucewa can cikin gajimare ba ne. Dole matuƙi ya sauko ƙasa-ƙasa, inda harsashi ke iya samunsa, ya rarrabe nasa da abokan gaba, alhali ga duhu ya shiga. A cikin wannan gumurzu ne jirgin ya faɗi da dare, ba wanda ya fita da rai.

Su biyar ne a ciki, kuma ya kamata a kira sunan kowa: shi Jacob shugaban jirgi, da mataimakinsa Flait Laftana Kaltho Paul Kilyofas, da makaniki Saje Auwal Ibrahim, da maharba biyu, Las Kofur Adamu Nura da Meshack Ishmael. Ku sake sauraron sunayen nan. Perowei suna ne na Ijo, mutanen rafuffukan Neja Delta. Ga Auwal da Adamu a bayansa, ransu a hannunsa, nasa a hannunsu. Bai cika wata guda da ɗaura aure ba.

Nan ne maganar ta shafe ku. Duk ran da rigima ta tashi a kasuwa, akan sami mai hura wuta yana cewa ɗan Kudu ba ya ƙaunar ɗan Arewa, ko kuwa wani ya ce Bahaushe baƙo ne a Ikko. Masu irin wannan magana, a kowane ɓangare suke, sai a tambaye su mene ne ya kai ɗan bakin teku bakin iyakar Nijar ya mutu yana tsaron garin Barebari. Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyin kasuwa na da hakkin su riƙa faɗa wa matasa wannan labari, su kuma matsa wa wakilansu a majalisa lamba don a riƙa biyan iyalan mamatan soja hakkinsu ba tare da an sa gwauraye yawon ofis-ofis ba.

An binne su biyar ɗin cikin wannan wata na Janairu a Maƙabartar Soja ta Ƙasa da ke Abuja, kowa bisa addininsa. Allah ya ba iyalansu haƙuri, amin.