Waiwaye Adon Tafiya: Jawabi Ga Matasanmu Na Jos

 

A shekarar 1993 wata marubuciya 'yar Amurka, Lois Lowry, ta fitar da littafin matasa mai suna The Giver, wanda ya ci lambar yabo ta Newbery a 1994. Labarin wani gari ne da babu yaƙi, babu yunwa, babu saɓani. To amma da me suka sayi wannan kwanciyar hankali? An mai da kowa iri ɗaya. Dattawa ke zaɓa wa yaro sana'a yana ɗan shekara 12. Tarihin jama'a kuwa, daɗinsa da ɗacinsa, an ɗora wa tsoho guda, saura duk sun manta. Wanda bai dace da tsari ba, sai a yi masa allurar mutuwa, a ce wai an sallame shi. Sai da yaro Jonas ya karɓi wannan tarihi sannan ya gane ta'asar da ake yi.

Jama'a, wannan labari ya shafe mu. Kakanninmu sun zo haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, an haifi iyayenmu a Gangare da Unguwar Rogo, amma ɗanmu kan je neman takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma a ce masa baƙo ne. Rashinta kan hana shi tallafin karatu da aikin gwamnati, alhali sashe na 42 na tsarin mulkin 1999 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila, addini ko asali.

Mun ga rikicin 1994, da na 2001, da 2008, da 2010. An kafa kwamitocin Fiberesima, da Niki Tobi, da Bola Ajibola. Wasu na cewa a manta kawai, a zauna lafiya. Gaskiya ne zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, amma wanda aka mantar da shi tarihinsa, da wace hujja zai nemi haƙƙinsa?

Sai dai tarihin ba namu ne kaɗai ba. Maƙwabtanmu Birom da Anaguta da Afizere ramukan kuza sun cinye musu gonaki, su ma sun binne 'yan'uwansu. Idan muka ɓoye wa yara wannan, mun ba su rabin gaskiya.

Don haka muna kira ga matasa: ku zauna da tsofaffinmu tun suna raye, ku naɗi muryarsu a waya, ku adana takardun gidaje da rasiɗan haraji. Kada mu bar wa tsoho guda wannan kaya.

Allah Ya ba Filato zaman lafiya mai ɗorewa. Wassalam.