Kwana ukun da ya kamata kowace uwa ta sani



Da kuɗin adashi da ribar tumatir da atamfa muka tura 'ya'yanmu mata Kaduna Polytechnic da KASU, wasu har ABU Zariya. Muna biyan kuɗin makaranta da na ɗaki, amma akwai maganar da kunya ta hana mu yi da su. Yau za mu yi ta.

Akwai maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa. Wanda aka fi sani a kemis shi ne Postinor-2. Ana shan sa ne cikin awa 72, wato kwana uku, kuma gwargwadon saurin sha, gwargwadon aikinsa. Ba ya zubar da ciki. Jinkirta fitowar ƙwai yake yi, in ciki ya riga ya shiga ba zai taɓa shi ba. Ba ya kare mutum daga cutar sanyi ko ƙanjamau, kuma bai maye gurbin tsarin tazarar haihuwa ba. In al'ada ta yi jinkiri fiye da mako guda bayan an sha, sai a je gwaji.

Wata za ta ce, "Ai wannan koya wa yara lalata ne." Tarbiyya tana nan, ba mu sake ta ba. Amma mu tuna, a cikin ɗaliban nan akwai matan aure masu goyo. Akwai kuma yarinyar da aka yi wa fyaɗe a hanyar ɗakinta, ba da laifinta ba. In tana tsoron bakinmu, ƙawa za ta tambaya, a ba ta kanwa ko ruwan gishiri. Waɗannan ba sa hana ciki, illa kawai suke yi.

Ga wadda aka ci wa zarafi, akwai Cibiyar Salama a Asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri, nan kusa da mu. Ana duba ta kyauta, a ba ta shawara cikin sirri. Maganin kariya daga ƙanjamau shi ma cikin awa 72 ake fara shi, saboda haka kada a tsaya taron dangi kafin a tafi.

A kula da jabu kuma. A 2025 hukumar NAFDAC ta yi gargaɗi cewa akwai Postinor-2 na jabu a kasuwa. A saya a kantin magani mai rajista, ban da na tire ko na cikin mota. Mu da muke ajin yaƙi da jahilci, ga ranar karatunmu: mu duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa a jikin kwali.

Roƙonmu biyu ne. Ƙungiya ta gayyato ma'aikaciyar jinya ta zauna da mu da 'ya'yanmu kafin su koma makaranta. Sannan kowace uwa ta ce wa 'yarta: "Komai ya same ki, ko da tsakar dare ne, ni za ki fara kira."

Allah ya raya mana zuri'a, ya ƙara wa ƙungiyarmu albarka.