Girkin Indiya da waken gidanmu: jawabi a taron ƙungiya

Iyayena dattawa, iyaye mata, ƴan'uwa na Tibiri da Jiratawa mazauna Maraɗi, ina gaishe ku.

Yaranmu suna ganin abincin Indiya a sinima da waya, suna zaton sai mai kuɗi. Ba haka ba ne. Talakan Indiya cimarsa kusan tamu ce. Babu ƙasar da ta kai su noman hatsi, kuma su suka nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 domin hatsi da danginsa. Zogalan da ya cika garaken Jiratawa ma asalinsa daga can ne.

Wadda za ta fara, ta fara da miyar da suke kira dal. Su da ƙananan wake iri-iri suke yi, namu ma yana yi. A surfa wake tiya rabi a wanke dusar, a dafa da gishiri da ɗan kurkum har ya narke kamar kunu. Sirrin yana nan gaba, don Allah a saurara. Ba a zuba kayan yaji cikin ruwa yadda muka saba. A ɗora man gujiya a wani kasko daban, idan ya yi zafi a soya albasa har ta yi ja, sannan tafarnuwa, citta da tonka, a juye duka da zafinsu bisa waken, a rufe. Tafarnuwa ba ta son daɗewa a wuta, in ta ƙone miya ta yi ɗaci. Duka kayan nan suna babbar kasuwa, ba sai an nemi garin kori na gwangwani ba.

Abin ci da ita: a kwaɓa garin hatsi da ruwan ɗumi, a faɗaɗa da tafin hannu, a gasa a kasko. Haka mutanen Rajastan suke yi.

Ƴaƴan zogala ɗanyu kuwa, da mu ba mu kula da su, a kudancin Indiya ana yanka su tsawon yatsa a sa a miyar tsamiya.

Abin da ya sa na kawo maganar: da kaka muna sayar da wake da araha, da bazara mu aika wa yara lakwal da gayan shinkafa a ciki. Ina ganinsu a aji, kafin sha ɗaya sun fara gyangyaɗi. Iyayena, bana kowane gida ya ajiye buhu guda kada ya kai kasuwa.

Allah ya ba mu damina mai albarka.