Yankari Na Jiran Yaran Maiduguri



Tun da ambaliyar madatsar ruwan Alau ta watan Satumban 2024 ta yi wa gidan namun daji na Sanda Kyarimi ɓarna, yaran GRA da sauran unguwannin Maiduguri sun rage ganin namun dawa ido da ido. To, ga dajin Yankari a jihar Bauchi. An keɓe dajin a 1956, ya zama gandun ƙasa a 1991, sannan ya koma hannun jihar a 2006.

Lokacin rani ya fi dacewa. Ciyawa ta bushe, ƙishirwa ta koro giwaye da ɓauna da gwanki zuwa bakin kogin Gaji. Akwai kogunan Marshall, ɗakuna 59 da mutanen zamanin dā suka fafe a jikin dutse, ƙofar kowanne sai an sunkuya. Bayan yawo, a faɗa ruwan Wikki mai ɗumi, garau har ana hango yashin ƙasansa. A dai kula da jakar guzuri, domin birai ba su da kunya.

Iyaye da malamai, gani ya kori ji. A binciki lafiyar hanya, a kai yara lokacin hutu.