Kada A Ƙwace Mata Ƙwayar Rana Ɗaya

Shugaba, iyayenmu mata, 'yan'uwa, maganata yau a kan dexamethasone ce, ƙwayar nan da 'yan matanmu ke saye a kemis nan Gombe don su yi ƙiba, musamman in biki ya matso.

To, jama'a, jikinmu da kansa yana yin irin wannan sinadari. A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullutu da ke sarrafa kolestarol ya mai da shi kotisol. Da asuba ya fi yawa, in ciwo ya zo kuma a ƙaro. A 1948, a asibitin Mayo na Amurka, Dokta Philip Hench ya sa aka yi wa wata mai ciwon gaɓoɓi allurar kotison, cikin kwanaki ta miƙe. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da Kendall da Reichstein. Magani ne na gaske.

Amma in aka yi makonni ana shansa, sai ƙwaƙwalwa ta ga ya wadata, ta daina aike, ƙullutun nan ya kwanta barci. Ƙibar ma, wallahi, ba ta lafiya ba ce: fuska ta kumbura, ciki ya fito, ƙafafu su rame, ga suga, ga hawan jini.

Nan ne nake roƙon iyaye. In kin gano 'yarki na sha, kada ki ƙwace ki zubar rana ɗaya. Jikinta ya daina yin nasa, tana iya amai, jini ya sauka, ta suma, har a rasa ta. Ku kai ta Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Ƙwararru, ku tafi da kwalin, likita ya riƙa rage mata sannu a hankali.